Na ɗauki lauyar shige da fice don kawo matata Amurka: ta rage min jira kuwa?

Tun da matata ta iso, 'yan uwa ke tare ni da tambaya guda: in ɗauki lauya, ko in cike fom da kaina? Kusan kowa da tunanin cewa lauya na da wata ƙofar baya da zai bi takardu su fito da wuri. Ni ma da wannan tunanin na shiga ofishin lauyata, kuma a zamanmu na farko ta cire min shi. Ta ce layin da ake bi ɗaya ne, da mai lauya da marar lauya, kuma duk wanda ya yi min alkawarin rana kaza biza za ta fito, in kama gabana.

Da farko ni kaɗai na fara. Ina da katin zama na dindindin, na cike fom I-130 na neman kawo iyali, na biya dala 535 (tun Afrilun 2024 kuɗin ya koma 675 ta takarda, 625 ta intanet), na zauna jira. Bayan watanni sai ga wasiƙa daga USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, ana neman ƙarin hujja. Kuskuren nawa ne. Na rubuta cewa na taɓa aure, amma ban haɗa da takardar da ke nuna auren ya ƙare ba, sannan sunan mahaifin matata a fasfo ya bambanta da na takardar haihuwarta da harafi biyu. An ba ni kwana 87 in amsa, kuma dama ɗaya ce, abin da ka aika shi za a yanke hukunci a kai. Daren nan ban runtsa ba. Matata ta kira, ta ce, "Maigida, na ji muryarka wani iri, lafiya?" Na kasa faɗa mata cewa sakacina ne ya ƙara mana watanni.

Washegari na fara neman lauya.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda ta karanta takardun. Ta baje su a kan tebur, ta ɗauki jan biro, tana bin kowace rana da kowane suna, tana kwatanta wannan da wancan. Cikin awa guda ta gano abu uku da ni ban gani ba cikin wata shida, har da fassarar takardar aurenmu da babu sa hannun mai fassara da shaidar cewa ya ƙware a harsunan biyu. Ta shigar da fom G-28, wanda ke sa hukuma ta riƙa aika mata kwafin duk wasiƙar da aka aiko min. Amsarmu ta tafi cikin mako biyar, ba a sake tambayar komai ba.

Amma inda kuɗina ya fi yin amfani wani wuri ne daban. Matar mai katin zama tana rukunin F2A, wanda ke da iyakar adadin biza a shekara, kuma a 2023 layinsa ya sake cushewa bayan shekarun da ya yi a buɗe. Matar ɗan ƙasa kuwa babu wannan iyaka a kanta. Lauyar ta duba ranar da ke jikin katina, ta ce saura kaɗan in cika shekara biyar, kuma doka ta yarda in shigar da fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa kwana 90 kafin cikar. Na yi, na ci jarrabawa, na yi rantsuwa, ta sanar da hukuma aka sauya wa matata rukuni. Ta kuma ja kunnena a kan wani tarko da ban taɓa jin labarinsa ba: da zarar an sauya rukunin, 'yarmu ba za ta iya bin takardar mahaifiyarta ba, dole a cike mata nata I-130. Da ban san wannan ba, da uwa ta samu biza an bar yarinya. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Haka ma fom I-864 na ɗaukar nauyi. Ana son abin da kake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya, gwargwadon yawan iyalinka. Nawa yana bakin gaɓa, sai ta sa na nemo wanda zai tsaya tare da ni tun kafin cibiyar biza ta NVC ta duba, domin duk takardar da aka dawo maka da ita, sabon jiran dubawa za ka shiga.

Akwai inda ban ji daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Bayan na gama biyan kuɗin, samun lauyar a waya ya zama aiki, mataimakanta ne ke amsawa, wani lokacin sai bayan kwana uku. Ɗaya daga cikinsu ya juya rana da wata a ranar haihuwar matata a fom DS-260 na neman biza, ni na gano kafin a tura. Don haka ko ka ɗauki lauya, karanta kowane layi kafin ka sa hannu. Sannan jiran ranar ganawa a ofishin jakadanci, wanda shi ya fi cin rai, ba ta iya taɓa shi ba ko kaɗan. Tsarin biyan ƙarin kuɗi don a hanzarta ma na wasu takardu ne kamar na aiki, bai shafi takardar iyali ba.

Wani abokina ya kawo matarsa ba tare da lauya ba, auren fari, takardu tsaf, albashi isasshe, kuma bai fi ni daɗewa ba. Irinsa zan ce ya riƙe kuɗinsa, ko ya biya na zaman shawara sau ɗaya a duba masa kafin ya tura. Wanda kuwa ya taɓa aure, ko aka taɓa hana shi biza, ko ya taɓa wuce wa'adin zama, ko yake da yara a ciki, shi nake roƙo ya nemi lauya tun kafin ya cike fom na farko, ya kuma tabbatar yana da lasisi a wata jiha ta Amurka, domin masu kiran kansu wakilan biza sun yi yawa.