Shagon wankin injekta a Ladipo: ya dace da tsohuwar Hilux mai fetur, amma je da robobinka

Masu tsofaffin a-kori-kura da ke jigilar tumatir da albasa daga kasuwar Mile 12 a Legas, da masu ɗaukar kaya a Agege, sun san wannan ciwo: mota ta tashi da ƙyar, ta riƙa rawa a silo, a taka totur ta yi fizga kafin ta amsa, ga shan mai na fitar hankali. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba mai iya kawar da kai ga motar da ke shan mai fiye da ƙima. Sau da yawa laifin na injekta ne, wato abin da ke fesa wa inji mai, wadda makanikai ke kira nozul. Akwai wani ƙaramin shago a Ladipo, yankin Mushin, idan an sauka a tashar Toyota ta kan titin Oshodi zuwa Apapa an shiga ciki, wanda ba shi da wani aiki sai gwajinta da wankinta. Ga mai Hilux ta fetur, musamman mai injin 2TR-FE na lita 2.7, wurin ya cancanci a je, don suna gwadawa a gabanka kafin wanki, su sake gwadawa bayan wanki.

Tun daga cirewa ake gane wanda ya san aiki. Yaran shagon suna zare fis ɗin famfon mai, su bar inji ya ci abin da ya rage a bututu har ya mutu da kansa, sannan su cire kan batir na nagetif. Idan ba a yi haka ba, fetur ne zai yi tsartuwa a kan inji mai zafi. Kowace injekta ana rubuta mata lambar silindarta, 1 zuwa 4, domin in an ga mai matsala a san filogin da za a duba.

Abu na farko shi ne mitar awon lantarki. Kwayil ɗin injektar wannan inji, wato naɗin wayar da ke buɗe ta, yana nuna kusan ohm 12. Wadda ta yi nesa da haka, ko mita ba ta nuna komai ba, kwayil ɗinta ya ƙone, kuma ko kwana ta yi a ruwan wanki ba za ta tashi ba. Maigidan ba ya ɓoye maka wannan don ya karɓi kuɗin wanki. Wannan kaɗai ya bambanta shi da wurare da yawa.

Daga nan sai a jera su a kan na'ura, kowacce da kwalbar gilashi mai zanen awo a ƙarƙashinta, a ba su matsin ruwan gwaji kusan 'bar' 3 (ma'aunin matsi ne), daidai da abin da suke samu a mota. Gwajin yoyo ake fara yi: matsi na nan, ba a ba su wuta ba, sai a zuba wa bakinsu ido. Lafiyayya bakinta a bushe yake. Mai yoyo za ka ga ɗigo yana taruwa a hankali, ya yi nauyi, ya faɗi. Ita ce ke sa mota ta ƙi tashi in ta yi zafi aka kashe ta minti goma ko ashirin, ita ce ke baƙanta filogi, kuma ita ce ke sa baƙin mai warin fetur, abin da ke cinye ringi da metal a hankali. Bayan haka a kunna su a ga feshi. Ya kamata ya fito kamar hazo, a baje daidai. Wadda ta toshe sai ta riƙa tsarto ruwa siriri, ko ta karkata gefe guda. A ƙarshe a duba kwalaben: in ɗaya ta gaza 'yan uwanta da fiye da kashi 5 cikin 100, silindarta na fama da ƙarancin mai, kuma daga nan rawar silo take.

Dattin iri biyu ne, kuma suna bin kowanne da maganinsa. Akwai danƙon da ke bushewa a bakin injekta duk lokacin da aka kashe inji mai zafi, wanda zaman gosulon Legas ke ƙara wa yawa. Wannan ana tsoma bakunan a kwanon da ke girgiza ruwan wanki da sauti, minti 15 zuwa 20, ana ba su wuta a kai a kai don allurar ciki ta riƙa buɗewa da rufewa. Akwai kuma tsatsa da yashi da ke maƙalewa a 'yar matatar da ke saman kowace injekta. Ita zare ta suke yi, su tura ruwa ta baya ya fito da abin da ya shige, su sa sabuwa. Ka nemi a nuna maka tsohuwar. In ka ga jan gari a cikinta, tankinka ne ya yi tsatsa, galibi saboda ruwa a cikin mai: man jarka, ko gidan man da ruwan damina ya shiga rumbunsa na ƙasa. Wanda bai wanke tanki ya sauya filtar mai ba, wata biyu ba za a yi ba sai ya dawo.

Wannan ya fi abin da ake yi a bakin titi nesa ba kusa ba, inda ake jona injekta kai tsaye da batir ana fesa mata maganin kafireto. Riƙe mata wuta ba yankewa yana dafa kwayil. Mafi muni shi ne masu tsokanar ramukan da allura ko waya: ramin na buɗewa, feshi ya lalace har abada, mota ta ƙara shan mai.

Inda shagon ya gaza shi ne robobi, wato zobban robar da ke toshe saman injekta da ƙasanta. In ba ka yi magana ba, za su mayar da tsofaffin da suka bushe, ko su sa na araha da fetur ke kumburawa. Sayi masu kyau ka je da su, na sama da na ƙasa. A shafa musu ɗan fetur ko mai mai tsabta, a murɗa injektar a hankali har ta zauna, kada a buga. Robar sama in ta tsage, fetur ne zai zuba a kan inji, gobara ke nan. Ta ƙasa in ba ta kama ba, inji zai riƙa zuƙar iska, kwamfutar gwajin mota ta nuna P0171, lambar da ke nufin iska ta fi mai yawa, a ɗauka wankin ne bai yi ba. Bayan an haɗa, a tada mota a haska da tocila a ga ko'ina a bushe kafin a rufe bonet.

Haka kuma ba sa auna matsin famfon mai sai an roƙa, alhali famfon da ya gaji yana kawo alamun da suka yi kama da toshewar injekta. Kafin ka kwance komai, a sa kwamfuta. In ta nuna P0302, misali, wato silinda ta 2 ba ta ƙona mai daidai, a musanya kwayil ɗin filogi na 2 da na 3. In lambar ta koma P0303, kwayil ne, bar injekta ta huta.

Masu motar gas, wato dizal, su nemi wani wuri, kuma shagon da kansa zai faɗa maka haka. Tsohon injin 5L nozul ɗinsa famfon hannu yake so, a ga matsin da yake buɗewa a saita shi. Injin D-4D kuwa, 2KD da 1KD, matsinsa ya haura 'bar' 1,000, yana iya huda fatar hannu, kuma in an sauya injekta sai an shigar da lambarta a kwamfutar mota. Washar tagullar da ke ƙarƙashinta ba a maimaita ta. In ta yi yoyo, gawayi ke cika baƙin mai har ya toshe matatar famfon baƙin mai, inji ya buga.

Wani amfanin shagon da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne gwajin kayan Beljiyam. In dole ta sa ka sayi injekta ta hannu a Ladipo, duba lambar da ke jikinta ta yi daidai da taka, don kamannin waje na yaudara, kuma ku yi sharaɗi da mai kaya cewa sai an ɗora ta a na'ura kafin ciniki ya faɗa. Kuɗin aiki kan kowace injekta ake yi, ba kan mota ba, don haka ku daidaita tun farko ko sabbin matatu na ciki. Ka isa da sassafe. Aikin guda huɗu bai cika wuce awa ɗaya da rabi ba in akwai wuta, amma daga hantsi layi ake yi.