BCAA, EAA ko Garin Furotin: Wanne Ya Kamata Mai Rage Ƙiba Ya Saya?

Duk wanda ya rage cin abinci domin ya zubar da kitse, ya sani cewa ba kitse kaɗai jikinsa zai ƙona ba, domin idan abin da ke shiga ciki ya gaza abin da jiki ke kashewa, yakan taɓa tsoka ma. Abubuwa biyu ne suke kare tsoka a wannan lokaci, wato ɗaga ƙarfe a kai a kai da kuma cin isasshen furotin. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, wanda mujallar British Journal of Sports Medicine ta buga a 2018, ya nuna cewa amfanin furotin ga mai ɗaga ƙarfe yana ci gaba da ƙaruwa har zuwa kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, kuma masana da dama suna ba mai rage ƙiba shawarar ya haura zuwa wajen giram 2. Ke nan mai nauyin kilo 80 yana bukatar giram 128 zuwa 160 kullum, kuma da wannan lissafi ya kamata ya auna duk gwangwanin garin ƙarin abinci da aka tallata masa.

Amino asid iri 20 ne suke haɗuwa su zama furotin, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya samar da su da kansa, sai dai a ci su a abinci. Garin BCAA, wanda ya fi kowane shan talla, uku kacal ya ƙunsa daga cikin taran: lusin, isolusin da balin, galibi a haɗin 2:1:1. Gaskiya ne cewa lusin shi ke ba jiki umarnin fara gina tsoka, amma umarni kaɗai ba ya gini, tamkar a kira magina ne ba a sauke musu bulo ba. Idan sauran shidan ba su shigo daga abinci ba, jiki zai nemo su ne ta hanyar rushe furotin ɗin da ke cikinsa, wanda shi ne ainihin abin da mai rage ƙiba yake gudu. A 2017 masani Robert Wolfe ya bi diddigin binciken da aka yi a kan ɗan Adam, ya kuma tsaya a kan cewa babu hujjar da ta tabbatar da iƙirarin cewa BCAA kaɗai yana gina tsoka. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: waɗannan sinadarai suna ɗauke da kalori kamar kowane furotin, ko da an rubuta sifili a jikin robar. A ganina, wanda ya riga ya cika adadin furotin ɗinsa na rana, sayen BCAA asarar kuɗi ce gare shi.

Garin EAA, wato amino asid ɗin da jiki ba ya iya samarwa da kansa, ya fi BCAA ma'ana nesa ba kusa ba, tunda dukkan taran suna ciki. Ba ya nauyi a ciki, jiki na karɓarsa da sauri, don haka ya dace da mai yin atisaye da sassafe kafin karin kumallo, ko wanda madara ke ɓata wa ciki. Matsalarsa ita ce tsada idan aka lissafa giram bisa giram, ga ɗaci, sannan ba ya ƙosarwa, alhali yunwa ce babbar abokiyar gabar mai rage ƙiba.

Garin furotin na ruwan madara, wanda ake rubuta wa whey a jikin gwangwani, shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin mutane. Ludayi ɗaya na giram 30 yakan ba da furotin giram 20 zuwa 25, kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan furotin lusin ne, wato da ludayi ɗaya mutum ya samu BCAA ɗin da sauran shidan gaba ɗaya. Nau'in concentrate ya fi sauƙin kuɗi amma akwai ragowar sukarin madara a cikinsa, shi kuwa isolate an tace shi har furotin ya kai kashi 90 cikin 100 ko fiye. Kasin, wani furotin na madara daban, yana narkewa a hankali, shi ya sa ya fi riƙe ciki da dare. Wanda ba ya shan madara sai ya nemi garin furotin na tsirrai da aka haɗa iri biyu, domin abin da ɗaya ya rasa ɗayan ya cike.

Gulutamin kuwa, wani amino asid da shi ma ake sayar da garinsa, jiki na samar da shi da yawa, kuma babu wata ƙwaƙƙwarar shaida cewa yana ƙara wa mai lafiya tsoka. Kiriyatin, sinadarin da ke taimaka wa tsoka samun kuzari, musamman nau'in monohydrate, ya cancanci kuɗinsa, domin giram 3 zuwa 5 a rana yana taimakawa wajen riƙe ƙarfin ɗaga nauyi lokacin da abinci ya ragu. Sai dai a makonnin farko ma'auni yakan ɗan hau saboda ruwan da tsoka ke riƙewa, kuma bai kamata a ɗauki wannan a matsayin dawowar kitse ba.

Kafin a biya kuɗi, a juya gwangwanin a karanta bayansa. A raba farashin da jimlar giram na furotin da ke ciki, kada girman robar ya ruɗi mutum. A duba jerin kayan haɗin, domin wasu masu sarrafawa suna zuba sinadarai masu araha irin su gilisin da torin don adadin furotin ya yi kamar yana da yawa a gwaji. A Amurka, inda ake yin da yawa daga cikin waɗannan kayayyaki, wata doka ta 1994 ba ta wajabta wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, amincewa da su kafin su shiga kasuwa ba, saboda haka tambarin gwaji mai zaman kansa, kamar Informed Sport ko NSF Certified for Sport, yana da muhimmanci ƙwarai. Mai ciwon ƙoda ko hanta, da mace mai juna biyu, da duk wanda yake kan magani na dogon lokaci, su fara ganin likita kafin su sayi ko ɗaya daga cikin waɗannan.