Kwalabe uku na maganin Sin da na saya wa Baba

Na daɗe ina son rubuta wannan, haushi ne ya hana ni. Kwalaben nan masu koren murfi da ake talla a WhatsApp da ƙofar masallatai, wai haɗin ganyen ƙasar Sin ne mai kashe kansar mafitsara ta maza (prostate) tun daga saiwa, guda uku na saya wa mahaifina. Kuɗin ba sai na faɗa ba, kada in fama wa kaina ciwo.

Tsakani da Allah, makonnin farko na yaba. Baba ya koma cin tuwo, tashin fitsarin dare ya ragu, da aka yi gwajin jini na PSA kuma, wanda ake bin diddigin wannan kansar da shi, sai ga shi ya sauka ƙwarai. Mai sayarwa har kirana ya yi: "Alhaji, ba na gaya maka ba? Ku dakata da allurar asibitin nan, ba a haɗa su." Muka ɗage allurar. Wannan kam laifina ne, na ɗauka.

Abin da ya ci ni shi ne takardar cikin kwalin ba ƙarya ce zalla ba. Saiwar huangqin da ta ambata tana da sinadarin baicalein, ganyen donglingcao yana da oridonin, ga naman kazan lingzhi. An gwada su a ɗakin bincike a kan ƙwayoyin kansa da ɓeraye, an ga suna rage musu yaɗuwa. Ni kuma na san daga tazargaden Sin aka ciro maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha, har Tu Youyou, masaniyar Sin da ta gano shi, ta samu kyautar Nobel a 2015. Sai na ce to, me zai hana? Na manta Baba ba ɓera ba ne.

A wata na biyu Hajiya ta ja ni gefe. Shi ba zai iya gaya mini ba, kunya. Nonuwansa sun kumbura, ko riga ta goge su sai ya cije leɓe. Ban gama juya wannan ba ƙafarsa ta hagu ta haye, tun daga ƙwauri har cinya, ga zafi kamar wuta. Cikin dare muka tafi asibiti. Hoto ya nuna jini ne ya daskare a jijiya. Kwana shida muka yi, ina kwance a tabarma a baranda, sauro na cin rabonsa.

Likitar ce ta tambaya: "Baba, ban da namu, me kuke sha?" Na miƙa mata kwalbar. Ta jujjuya ta, babu lambar NAFDAC, babu adireshi. Sannan ta ba ni labarin PC-SPES, haɗin ganye takwas, bakwai daga ciki na Sin, da aka fara sayarwa a Amurka a 1996. Shi ma yana sauke PSA sosai. A 2002 aka janye shi daga kasuwa, domin an samu magungunan asibiti a ɓoye a ciki: warfarin mai tsinka jini, da indomethacin mai rage ciwo da kumburi, da DES, wato sinadarin mata na haɗi. Ta ce wannan kansar da sinadarin maza take rayuwa. In aka danne shi da na mata, lambar PSA za ta sauka, amma nono zai kumbura, jini kuma ya riƙa daskarewa. Abin da ta gani a jikin Baba, in ji ta, ya yi kama da haka sak.

Ashe saukar da na yi ta murna a kai, har na tura wa 'yan uwa hoton sakamakon, ita ce ya kamata ta tsorata ni.

Na kira mai sayarwa daga barandar asibitin. Buɗar bakinsa sai ya ce cutar ce take fita ta ƙafa, in ƙara kwalba ta huɗu zai yi mini ragi. Ragi! Ko "yaya jikin Baba" bai ce ba.

Yanzu Baba ya koma allurarsa ta duk wata uku, ga maganin tsinka jini da ya ƙaru a kan kuɗin da nake kashewa. Rabin kwalba ta uku tana nan a saman kabad, Hajiya ta hana a zubar, wai ko da mutumin zai zo ya yi musu.