Sharhi Kan Gyaran Fedar Kulocin Golf 3 a Gombe, Bayan Wata Shida Ina Hawa

Motar da nake hawa Golf 3 ce mai injin 1.8, ƙirar 1996, wato sa'ar jihar Gombe ce, domin a shekarar da aka ƙera ta aka ƙirƙiro jihar. Na saye ta a hannun wani ɗan uwana shekara huɗu da suka wuce, kuma har yau ban sami abin kuka game da injinta ba. Abin da ya riƙa damuna shi ne kuloci. A Tumfure nake zaune, wurin aikina kuma yana cikin gari, saboda haka kullum sai na gangaro da safe na sake hawa da yamma, kuma duk wanda ya san yadda hanyar Babbar Kasuwa take cikewa da Keke Napep da babura bayan la'asar ya san cewa ƙafar hagu ba ta samun hutu. Fedar ta yi tauri har gwiwata takan yi tsami kafin na isa gida. Abin da ya fi taurin damuna ma shi ne rashin tabbas, domin yau kulocin zai kama tun ƙafata tana kusa da ƙasa, gobe kuma sai na kusa sakin fedar gaba ɗaya kafin motar ta motsa. Direban da bai san inda kulocinsa ke kamawa ba kullum cikin fargaba yake a kan tudu, musamman idan akwai wata mota manne da bayansa.

Gyaran farko da aka yi mini bai yi kyau ba, kuma ina ganin ya dace na bayyana shi dalla-dalla, saboda shi ne abin da ake yawan ba masu irin wannan mota shawara a kai. Wani bakanike ya ce mini maganin tauri shi ne a ƙara wa hannun ƙarfen da ke jikin giyabos tsawo, wato hannun da wayar kuloci take ja. Ya sa aka yi masa walda da wani guntun ƙarfe, aka matsar da inda wayar ke maƙalewa zuwa can gaba. A ranar na ji daɗi ƙwarai, domin fedar ta yi laushi nan take. Hikimar ba ƙarya ba ce, irin ta mai ɗaga dutse da doguwar sanda ce, wanda tsawon sandar yake rage masa ƙarfin da zai sa. Sai dai abin da aka samu ta wajen sauƙi an biya shi ta wajen tafiya, domin da hannun ya ƙara tsawo, jan da wayar take yi ya daina isar sa ya juya yadda ya kamata, kulocin kuma ya daina sakin inji gaba ɗaya. Cikin mako biyu na fara jin ƙara idan zan sa ribas, sannan giya ta ɗaya ta fara gardama da safe. Ribas ce ke fara tona asirin irin wannan matsala a wannan giyabos, saboda ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu kamar yadda giyoyin gaba suke da shi, don haka ko kaɗan faifan kuloci ya ci gaba da juyawa sai an ji ta.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wajen wani dattijon bakanike da ke wajen Tashar Dukku, wanda yawancin aikinsa a kan Golf ɗin haya ne masu zirga-zirga tsakanin Gombe da ƙauyuka. Abin da ya fara burge ni da shi shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya zauna a kujerar direba ya taka fedar da ƙafarsa sau da yawa, a hankali, yana sauraro. Daga nan ya buɗe bonet, ya cire wayar daga hannun giyabos, ya ce na sa hannuna na danna fedar. Wayar ba ta jan komai a lokacin, saboda haka kamata ya yi fedar ta faɗa ƙasa ba tare da wata turjiya ba, amma sai na ji tana tafiya da ƙyar, tana cijewa tana saki. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka ji da hannunka. Kulocinka ba shi da laifi, hanyar da ƙarfinka ke bi ce ta toshe." Na ce, "To, Baba, me za a yi wa wancan ƙarfe da aka ƙara?" Ya ce cire shi za a yi a mayar da irin na asali, domin waɗanda suka ƙera motar sun auna tsawonsa da tafiyar fedar.

Da aka zaro tsohuwar wayar na ga dalilin wahalar da na sha. Wayar ƙarfen tana tafiya ne a cikin wani kwanso mai shimfiɗar roba mai santsi, kuma a inda kwanson ya lanƙwasa wayar ta cinye robar har ta yi wa kanta kwari, ga ƙura da tsohon mai sun cakuɗe sun zama kamar kwalta. Shekaru da ƙurar hunturu ne suka yi aikinsu, sannan wani a baya ya ɗura mata baƙin man inji da nufin ta yi laushi, man kuma ya riƙa tara ƙasa. Dattijon ya nuna mini wani wuri da robar ta yi alamar narkewa, ya bi sawu har ya gano cewa wayar da ke haɗa inji da jikin mota domin wuta ta sami hanyar komawa batir ta yi tsatsa ta saki. Idan hakan ta faru, lokacin da aka yi kik wutar takan nemi wata hanyar, wayar kuloci kuma ƙarfe ce da ta haɗa inji da jikin mota, sai ta bi ta cikinta ta zafafa ta. Ban taɓa tunanin akwai alaƙa tsakanin wutar mota da taurin feda ba. Ya kankare wurin ya ɗaure shi tamau, ya ce in ba haka ba sabuwar wayar ma ba za ta yi ƙarko ba.

Babban sauyin da aka yi, wanda shi ne ainihin abin da nake sharhi a kansa, shi ne irin wayar da aka sa. Wayar da Golf 3 take zuwa da ita mai daidaita kanta ce, tana da wata 'yar na'ura a jikinta wadda ke rage ko ƙara tsawon kwanson yayin da faifan kuloci yake cinyewa, don kada mai mota ya damu da saiti. Dabara ce mai kyau matuƙar na'urar tana da lafiya, amma idan ta tsufa ta fara maƙalewa, takan kama a wuri dabam-dabam, kuma wannan ne ya sa kulocina yake sauya wurin kamawa daga rana zuwa rana. Dattijon ya ba ni zaɓi biyu, ko a sa sabuwa irin ta asali, ko a sa wadda ake saitawa da hannu, mai zare da noti, irin wadda tsofaffin Golf na farko suke da ita. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ta hannun ta fi sauƙin kuɗi, ba ta da abin da zai maƙale, kuma za a iya ajiye wurin kamawar a inda ƙafata ta fi so, amma nauyin dubawa zai dawo kaina. Na zaɓi ta hannun.

Sauran aikin ƙanana ne. An sauya bushin robar da fedar ke juyawa a kansa, wanda ya cinye har fedar tana kaɗawa gefe da gefe, aka shafa masa giris kaɗan, aka kuma sa sabuwar robar takawa domin tsohuwar ta suɗe tana zamewa idan takalmi ya jiƙe. Dattijon ya ɓalle koren murfin da ke ƙarshen giyabos ya duba boris ɗin da ke tura kuloci, domin a wannan giyabos boris ɗin yana can waje ne, yana tura wata doguwar sanda da ta ratsa ta tsakiya har zuwa kuloci, saboda haka ana iya duba shi ba tare da an sauke giyabos ba. Ya same shi lafiya ya mayar. Duka aikin bai wuce awa uku ba, kuma abin da na kashe, kaya da kuɗin hannu, bai kai rabin kuɗin sabon faifai da filet (farantin ƙarfen da ke matse faifan) ba, waɗanda har na fara tara kuɗinsu bisa zaton su ne matsalar.

Wajen saiti ne ya ɗauki lokaci, kuma a nan na ga bambancin gwani da mai gaggawa. Ya bar wa fedar sarari na kimanin milimita 15 zuwa 20 a sama, wato ɗan tafiyar da take yi a sake kafin a ji ta fara jan kuloci, ya auna shi da rula a gabana. Ya bayyana mini cewa idan sararin ya yi yawa, kulocin ba zai saki sosai ba, giya za ta yi ƙara, idan kuma babu shi gaba ɗaya, tamkar mutum ya ɗora ƙafa a kan feda ne yana tafiya, boris zai yi ta aiki ba hutu, faifai kuma ya fara sulɓi ya ƙone. Sau uku muna fita gwaji muna dawowa yana juya notin, har sai da kulocin ya riƙa kamawa a ɗan ƙasa da tsakiyar tafiyar fedar, inda diddigena yake zaune a ƙasa ba tare da na ɗaga gwiwa ba.

Yanzu wata shida ke nan. Fedar tana tafiya sumul daga sama har ƙasa, kuma abin da na fi daraja shi ne ina jin lokacin da faifan ya fara taɓawa, ta yadda a hawan Tumfure, ko an tsaya cak a tsakiyar tudu, nakan tashi ba tare da motar ta koma baya ko ta fizga ba. Ribas tana shiga shiru. Na je Kumo sau da dama, na je Bauchi sau biyu, sau ɗaya kuma na kai Kaltungo na hau hanyar Tula mai kwane-kwane da hawa, inda ake sauya giya ba ƙaƙƙautawa, kuma wurin kamawar bai gusa ba. Ciwon gwiwar ya ragu sosai.

Duk da haka ba zan ce fedar ta zama kamar audugar da wasu ke zato ba. Na hau Corolla ta wani maƙwabcina, wadda kulocinta da mai yake aiki ba da waya ba, kuma har yanzu tata ta fi tawa laushi. Dattijon ma ya gaya mini tun farko cewa wani ɓangare na taurin daga filet yake, domin yayin da faifai yake cinyewa, sifirin ɗin filet yakan ƙara nauyi a ƙafa, kuma wannan ba zai tafi ba sai ranar da aka sauya su. Wanda faifansa ya riga ya ƙare, wanda injinsa ke ƙara gudu a giya ta huɗu motar ba ta ƙara sauri, sauya waya ba zai amfane shi da komai ba. Akwai kuma abu ɗaya da ban ji daɗinsa ba a aikin, wato yaran garejin ba su mayar da murfin ƙarƙashin sitiyari daidai ba, ya riƙa kaɗawa har sai da na koma washegari aka ɗaure shi.

Batun dubawa kuwa gaskiya ne, ba tsoratarwa ba ce. Yayin da faifai yake cinyewa sararin nan na sama raguwa yake yi, kuma wayar hannu ba za ta gyara kanta ba. Ga wanda ya san ba zai tuna ba, ko motar da direbobi da yawa suke karɓa-karɓa, ina ganin sabuwar waya mai daidaita kanta, ta kirki ba jabu ba, ta fi dacewa. Ni na ajiye ƙaramar rula a aljihun ƙofa, kuma duk ranar da na sauya man inji nakan durƙusa na danna fedar da yatsa na auna. A awo na biyu na tarar sararin ya sauko zuwa wajen milimita 12, na buɗe bonet na sassauta notin kamar yadda Baba ya koya mini, na mayar da shi inda yake, aikin da bai ɗauke ni minti biyar ba.