Mosin ta Asali ko ta Haɗi?

A Amurka, masu tara tsofaffin bindigogin yaƙi sun daɗe suna son bindigar Mosin-Nagant mai madubin hangen nesa da ake kira PU, wadda maharban Tarayyar Soviet suka riƙe tun 1942. Da can araha ce, yanzu ta yi tsada, domin tsofaffin bindigogin da ake kwasowa daga rumbunan soja sun ƙare.

Ta asali, ƙirar masana'antar Izhevsk ko ta Tula a Rasha, tarihi ake saye. Mai saye sai ya duƙa da fitila yana duba tambarin masana'anta, yana neman lambar madubin da aka buga a gefen bututu, don 'yan damfara sun iya buga ta jabu. In ta tabbata, darajarta hawa take yi. Sai dai mai ita yakan ji tsoron harba ta.

Ta haɗi kuwa, Mosin ce ta gama-gari samfurin 91/30 da aka lanƙwasa wa hannun ɗana harsashi, aka ɗora mata sabon madubi mai ninka gani sau 3.5. Kuɗinta kaɗan ne, tana harbi lafiya lau, amma ranar sayarwa da ƙyar take mayar da uwar kuɗi. A ganina, mai zuwa filin gwajin harbi ita ta fi masa.