Wace Kalkuleta Za Ka Saya Don Lissafin Bayanan Da Aka Kasa Rukuni-Rukuni?

Kafin ka biya kuɗi, ka duba abu guda: shin kalkuletar tana karɓar lamba tare da adadin maimaituwarta? In ba ta yi, to za ka sha wahala.

Ga misali. Ɗalibai 30 sun yi jarrabawa: 5 sun ci maki 10 zuwa 20, 8 sun ci 20 zuwa 30, 12 sun ci 30 zuwa 40, sauran 5 kuma 40 zuwa 50. Tsakiyar rukunonin ita ce 15, 25, 35 da 45. Idan ka ninka kowace da yawan ɗalibanta ka tara, za ka samu 920. Raba da 30, matsakaicin maki ya zama 30.67.

Casio fx-82MS tana iya wannan, amma allonta layi biyu ne kacal, sai ka riƙa shigar da lambobi ɗaya bayan ɗaya da maɓallin M+. Kuskure yakan ɓuya a nan. Ni na fi son fx-991ES PLUS, domin da zarar ka kunna FREQ, wato saitin shigar da maimaituwa, tebur ne zai fito, tsakiyar rukuni a hagu, maimaituwa a dama, kana ganin abin da ka rubuta. Ga ɗalibin sakandare, ta wadatar.

Inda masu saye ke ruɗuwa shi ne batun midiyan, wato lambar da ta raba bayanan gida biyu. Casio fx-991EX da TI-84 Plus duk suna fitar da ita, har mutum ya ɗauka ya huta. Amma a misalinmu 35 za su ba ka, saboda suna ɗaukar ɗaliban nan 12 kamar duk 35 suka ci. Amsar da malami ke nema 31.67 ce: rabin ɗaliban 15 ne, 13 na rukunoni biyun farko, saura 2; sai a ɗauki 30, farkon rukuni na uku, a ƙara mata 2 cikin 12 na faɗin rukunin, wanda yake 10. Haka ma makin da ya fi yawan fitowa, 33.64, da hannunka za ka lissafa shi. Kada ka ƙara kuɗi don kalkuleta mai fitar da midiyan kaɗai.

Mai aiki da dogayen tebura gara ya koma manhajar kwamfuta ta Excel, inda umarnin lissafi na SUMPRODUCT da SUM ke fitar da matsakaici nan take. TI-84 Plus kuwa, ka fara duba dokar jarrabawarka, domin ba kowane zaure ne ake barin shiga da kalkuleta mai zana jadawali irinta ba.