Littafin ya biya ni, mai sayar da shi ya cuce ni

Ƙarfe biyu saura na dare, babu wuta, ina zaune a bakin gado da fitilar waya ina ƙirga shafukan littafi kamar mai ƙirga kuɗin adashi. Uwargida ta farka ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce mata ba lafiya ba, an sace min shafuka 16. Ta dube ni, ta ja mayafi ta juya. Ita a ganinta wannan ba abin da zai hana mutum barci ba ne. Ni kuwa har aka kira assalatu idona biyu.

Littafin shi ne Devil in a Blue Dress na Walter Mosley, wato dai shaiɗaniya cikin shuɗiyar riga, wanda ya fara fitowa a 1990. Wurin ɗaya daga cikin masu tallar littattafan gwanjo a intanet na saya, kun san su, masu jera hotuna kowace Juma'a su rubuta "saura ɗaya". Ba zan faɗi sunansa ba, shi ya san kansa. Na tambaye shi har sau biyu ko bugun asali ne, ya ce daga waje aka kawo, ko ƙura bai sha ba. Kuɗin da ya yanka ya yi min sauƙi in aka duba yadda littafi ya koma yanzu, kuma a nan ya kamata in tsargu, don araha ba ta ado. Ya ba direba, na je tasha na karɓa, na biya kuɗin aike, na duba bango gaba da baya na ga tas, na jefa a jaka. Wa yake tsayawa a tasha yana ƙirga shafi?

Gaskiya ban saye shi da wani dogon buri ba. Na taso da karatun ƙananan littattafan bincike na Turawa, irin waɗanda muke karɓa-karɓa a makarantar kwana har bango ya cire. A cikinsu mai binciken Bature ne, ya ga dama ya shiga otal, ya ga dama ya shiga ofishin attajiri ya ɗora ƙafa kan tebur, 'yan sanda ko dai abokansa ne ko kuma sakarkarun da yake wa dariya. Na ɗauka wannan ma haka ne, an dai canza wa jarumin launin fata don a sayar. Ashe ba haka ba ne, kuma tun babin farko na gane.

Jarumin, Ezekiel Rawlins, wanda kowa ke kira Easy, ba ma ɗan sanda ba ne, ba kuma mai lasisin bincike ba. Baƙar fata ne da ya taso a Houston ta jihar Teksas, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Turai, ya dawo ya bi ayarin baƙaƙen kudu da suka kwarara Kalifoniya neman aikin masana'anta. Labarin a Los Angeles yake, shekarar 1948. An sallame shi daga kamfanin ƙera jiragen sama saboda ya ƙi sunkuyar da kai ga shugaban aikinsa, ga kuma bashin gida na wata-wata yana jiransa. Yana zaune a mashayar wani tsohon ɗan dambe sai wani Bature mai fararen kaya, Albright, ya shigo, daga baya ya ba shi dala 100 ya nemo masa wata mace mai suna Daphne Monet, wadda aka ce tana son yawo a gidajen rawar baƙaƙe. Dalilin ɗaukarsa aikin ma shi ne abin da ya fara burge ni: Bature ba zai iya shiga waɗannan wuraren ya yi tambaya a ba shi amsa ba. Baƙin fatar da ke rufe masa ƙofofi a rabin gari, ita ce mabuɗinsa a ɗaya rabin.

Gidan nan nasa na unguwar Watts ya tsaya min a rai fiye da gawawwakin da ke cikin labarin. Ɗan ƙaramin gida ne mai 'yan itatuwa a tsakar gida, amma yadda mutumin nan yake maganarsa sai ka ce ɗansa na fari. Duk wanda ya taɓa zaman haya, mai gida ya aiko masa da takardar tashi ana saura wata ɗaya azumi, zai fahimce shi. Sai dai nasa ya fi namu nauyi, domin a wancan lokacin akwai unguwanni da dama da aka rubuta a takardar filinsu cewa ba a sayar wa baƙar fata, kuma sai a wannan shekarar ta 1948 ne kotun ƙolin Amurka ta ce kotuna su daina tilasta irin wannan sharaɗi. Don haka ba son kasada ne ya jefa shi cikin rigima ba, tsoron komawa ɗan haya ne. Ban taɓa karanta mai binciken da abin da ke tura shi gaba shi ne takardar banki ba.

Wuri biyu ne suka sa na ajiye littafin na miƙe tsaye. Na farko a bakin teku ne, a Santa Monica, inda Albright ya ce su haɗu. Easy yana tsaye yana jira, wata yarinya Baturiya ta zo da kanta ta fara yi masa hira. Bai kira ta ba, bai ma son hirar, yana ta neman hanyar zamewa. Sai ga samarin Turawa sun kewaye shi. Mutumin da ya yi yaƙi da sojojin Jamus, wanda ya san sarai zai iya karya yaran nan, dole ya tsaya yana ba su haƙuri, don ya san in ya ɗaga hannu shi za a ɗaure ko a kashe. Wanda ya cece shi kuma shi ne mugun da ya ɗauke shi aiki, ya zaro bindiga ya wulaƙanta ɗaya daga cikin yaran yana nishaɗi. Ka rasa ma murna za ka yi ko tsoro.

Na biyu shi ne lokacin da 'yan sanda biyu, Mason da Miller, suka ɗauke shi daga ƙofar gidansa. Ba su gaya masa laifinsa ba. Suka ajiye shi a ɗaki na sa'o'i, suka dake shi, suka yi ta jefa masa tambayoyi, da dare ya yi suka sake shi ya taka da ƙafa. Babu tuhuma, babu ban haƙuri. A nan na gane abin da ya bambanta irin wannan labari da waɗanda na saba. A can, mai bincike yana farautar mai kisa ne kawai. A nan, duk gawar da ta faɗi shi ne farkon wanda za a zarga, saboda haka dole ya gano gaskiya kafin a rataya masa laifin, kuma in ya gano ta, sai ya sake tunanin wa zai gaya wa, da wane harshe, kuma nawa daga ciki. Tsoro biyu yake ɗauke da su a kowane shafi, kuma na masu kaki ya fi na masu wuƙa. Wannan ne ya hana ni barci tun kafin maganar shafukan da suka ɓata.

To, ina cikin wannan daɗi, an sace Daphne, Easy ya bi sawu, abokinsa Mouse yana nan tafe da bindigoginsa, na juya shafi sai na ga ina karanta abin da na karanta ɗazu. Na ɗauka gyangyaɗi ne. Na koma baya, na dawo. Ashe wajen ɗinki an maimaita damin shafuka guda, wanda ya kamata ya zauna a wurin kuma babu shi sam. Bayan maimaicin sai kawai na tsinci kaina an gama rikici, wasu sun mutu, ana maganar rabon kuɗi, ana kiran matar da wani suna daban. Kamar ka ɗauki azumi tun asuba, ana kiran magariba a ɗauke kwanon. Da na haska takardar da kyau sai na ga tawadar ma wani wuri ta yi kauri wani wuri ta kwashe. Bugun bayan fage ne aka yi wa bango mai sheƙi.

Da gari ya waye na tura masa hotuna ta WhatsApp. Ya gani, shuɗin layi biyu ya fito, shiru har azahar. Da na kira sai ya ce, "Haba Yallaɓai, ai haka kamfani suka buga shi, ni ma haka na saro." Na ce, "Malam, kai ka ce min na asali ne." Ya ce ai labarin na asali ne. Wallahi haka ya ce min. Na nemi ya canza min, ya ce saura ɗaya ne dama. Na ce ya dawo min da kuɗina, ya ce in mayar da littafin ta mota, kuɗin aike a kaina, in ya iso zai duba. Wato in biya mota sau biyu don a duba. Daga ƙarshe har da yi min nasiha, wai shafuka 16 a cikin littafi guda ai ba wani abu ba ne, in yi haƙuri in cike da tunanina. A littafin bincike! Inda dukan abin da ka biya kuɗi dominsa yana cikin waɗannan shafukan.

Ƙanena ya ce in kalli fim ɗin da aka yi a 1995, wanda Denzel Washington ya fito a Easy, Don Cheadle kuma a Mouse. Na kalla, ya yi kyau, amma an sassauta abubuwa an kuma canza wasu, bai maye min gurbin abin da aka sace ba. Wadda ta fitar da ni ita ce ɗiyar yayata da ke karatu a Ingila. Ta aro shi a laburaren makarantarsu ta ɗauko min hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, tana tsokanata wai, "Kawu, duk wannan tashin hankalin a kan tatsuniyar Turawa?" Allah ya yi mata albarka.

Wanda bai karanta ba ya tsallake wannan sakin layin. Daphne ba Baturiya ba ce. Sunanta Ruby, tana da jinin baƙaƙe, haskenta ne ya sa take wucewa a matsayin farar fata, ba kuma mai ta shafa ba, haka aka haife ta. A Amurkar wancan zamani ɗigon jinin baƙi ɗaya ya isa a lissafa ka baƙi, kuma har zuwa watan Oktoba na 1948 dokar Kalifoniya ta hana aure tsakanin fari da baƙi. Saboda haka attajirin da ke mutuwar sonta, wanda ta gudu da dalarsa 30,000, ba zai iya aurenta ba in asirin ya tonu. Duk jinin da aka zubar a kan wannan sirrin ya rataya. Marubucin kansa mahaifinsa baƙi ne, mahaifiyarsa Bayahudiya, a Los Angeles aka haife shi a 1952, ina jin shi ya sa ya san inda abin yake ciwo. Na karanta wannan a allon waya, hoto a karkace, yatsan yarinyar nan ya rufe kusurwar shafi, amma duk da haka sai da jikina ya yi sanyi.

Da farko na yi niyyar in ce littafin ba shi da aibi, duk laifin na mai sayarwa ne. Da na huce na sake bi, na ga akwai abin faɗa. Sunaye sun yi yawa, mutum zai fito shafi biyu a kashe shi, sai can gaba a ambace shi kana ta lalube waye. Turancin hirar kuma na baƙaƙen kudu ne, an rubuta shi yadda ake furtawa, sai da na riƙa karanta wasu layuka da ƙarfi kafin su shiga. Akwai batsa a fili a wurare biyu zuwa uku, da giya kamar ruwan famfo, ba littafin da za ka bari a falo yara su ɗauka ba ne, ni nawa yana ƙasan akwati. Abin da ya fi damuna shi ne Mouse. Mutum ne mai kisa kamar yana yanka kaza, amma an rubuta shi da daɗin baki har ka kama kanka kana jiran fitowarsa. Kuma duk wayon Easy, a ƙarshe bindigar Mouse ce ta fitar da shi. Na so a ce kansa ne ya cece shi. Wataƙila marubucin yana nufin a garin da hukuma ba taka ba ce, dole ka riƙe mugun aboki. Na fahimta, amma ban ji daɗinsa ba.

Duk da haka in ana ba da tauraro biyar, littafin ya ci huɗu a wurina, ko huɗu da rabi in na tuna bakin tekun nan. Mai sayarwa kuwa ko rabin tauraro bai samu ba, kuma da na sake tuna maganar "cike da tunaninka" sai in ji ma littafin ya fita raina na ɗan lokaci, don duk sanda na ɗauko shi sai na haɗa da waya kafin in kai ƙarshe.

Na riga na sa a nemo min na biyu a jerin, A Red Death, a wurin wani daban. Na gaya masa tun yanzu ya gaya wa direba ya yi haƙuri da ni, a tashar zan tsaya in ƙirga shafukan kafin in miƙa ko sisi. Shi kuwa mutumin nawa, Juma'ar da ta wuce na ga ya sake ɗora hoton littafin nan dai, shuɗin bango da komai, a ƙasa ya rubuta "saura ɗaya".